Za mu sauka Maldibs daren Alhamis, ta yaya za mu isa tsibirin da na kama ɗaki?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa Maldibs da ƙafarsa, don ni dai na sayi doki na manta da linzami.

Mu huɗu ne za mu yi tafiyar a watan Yuli: ni, uwargida, 'yarmu Hanifa mai shekara 4, da mahaifiyata. Saboda Hajiya ne ma aka shirya komai. Ta daɗe tana cewa tana so ta ga teku da idonta, ta sa ƙafa a ciki, kafin ciwon gwiwa ya ƙarasa zaunar da ita. Shekara biyu ina tarin kuɗin. Na zaɓi Maldibs ne don ƙasar Musulmi ce, babu fargabar abin da za a zuba mana a faranti, babu neman masallaci da taswira, kuma bizar kwana 30 a filin jirgi ake buga ta.

Na kama ɗakuna biyu a wani masaukin baƙi a tsibirin Dhigurah, kwana shida. Hotunan ne suka ja ni, ba zan ɓoye ba: dogon tsibiri siriri, farin yashi ya miƙe cikin ruwa kamar harshe. An kuma ce a yankin ake ganin kifin nan mai ɗigo-ɗigo wanda ya fi kowane kifi girma a duniya. Farashin ya yi sauƙi har na yi ta duba ko kuskure ne. Daga nan na sayi tikitin jirgi, shi ma mafi araha, irin wanda ba a mayar da kuɗi ba a canja rana. Zai sauke mu ranar Alhamis ƙarfe 9:40 na dare. Na dawowa kuma zai tashi ƙarfe 9 da 'yan mintuna na safe.

A raina, in mun fito da kaya sai in tsayar da tasi in faɗa masa sunan masauki. Jiya da daddare na buɗe taswira don in ga nisan, sai na ga filin jirgin kansa a kan wani tsibiri yake, Dhigurah kuma tana can kudu maso yamma, kusan kilomita 100, kuma babu komai a tsakani sai ruwa. Barci bai ƙara ɗaukata ba.

Na rubuta wa mai masaukin. Ya amsa da ladabi, ya ce za a iya shirya mana kwale-kwale mai inji namu mu kaɗai a daren, amma kuɗin da ya faɗa ya fi kuɗin ɗakunan biyu na kwana uku. Ban ma gaya wa uwargida adadin ba tukuna.

To abin da nake son sani: akwai hanyar isa can a wannan daren da kuɗi na hankali? In babu, ina ake kwana? Jirgin saman nan da ke sauka a kan ruwa, ana hawansa zuwa irin wannan tsibiri, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya? Ɗakunan ina da damar sokewa ba tare da asara ba har nan da mako biyu. Tikitin jirgi kam ya zauna.

Ɗan Yawo:

Wa alaikumus salam Yaya. Soke Dhigurah kawai ka kama Maafushi. Ni can na yi kwana biyar. Tana kusa da babban birnin, Maale, ƙasa da kilomita 30. Kwale-kwale mai gudu na haɗaka dala 25 ne kowane mutum lokacin da na je, minti 40 kun isa. Ni ma ban hau shi a zuwa ba, jirgin fito na gwamnati na bi daga Maale, ƙarfe 3 na rana, awa ɗaya da rabi, kuɗin bai kai dala 3 ba. Na zauna cikin 'yan gari da buhunan shinkafarsu da kwalayen kaya, har barci na yi. Ku kwana ɗaya kusa da filin jirgi, washegari ku bi jirgin fito, magana ta ƙare. Ruwan duk iri ɗaya ne, shuɗi ne a can shuɗi ne a nan.

Maman 'Yan Biyu:

Ɗan Yawo, ka manta washegarin Alhamis Juma'a ce. Jirgin fito na gwamnati ba ya aiki ranar Juma'a. Da ya bi maganarka da ya kwashi Hajiya da akwatuna zuwa bakin ruwa ya tarar da wayam.

Baban Hanifa, sannu. Ba kai ne farau ba, ni ma haka na yi a zuwana na farko. Sau biyu na je, na farko a Mayu, na biyu a Fabrairu, kuma abin da na koya shi ne a ƙasar nan lokacin saukar jirginka ne yake zaɓar maka tsibiri. Mu kuma duk da hoto muke farawa.

Ka fara ganin yadda wurin yake. Tsibirai ne kusan 1,200 a jere daga arewa zuwa kudu, sun taru zobe-zobe, kuma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Filin jirgin Velana yana kan tsibirin Hulhule. Wurare biyu kawai mota ke kai ka daga nan: Maale, ta kan gadar Sinamale da aka buɗe a 2018, da Hulhumale, tsibirin da aka cike teku aka gina. Duk wani wuri ban da waɗannan sai ta ruwa ko ta sama. Lokacin da na je, kana fitowa daga ɗakin karɓar kaya ka tsallaka titi, ga teku ga kwale-kwale suna jere kamar motoci a tasha.

Daren Alhamis ɗin nan ka cire Dhigurah daga ranka. Ku sauka 9:40, kafin ku gama da jami'an shige da fice ku ɗauki kaya 11 ta kusa. Ko da kuɗin shatar kwale-kwalen na aljihunka, ban ba ka shawarar ka sa tsohuwa da ƙaramar yarinya a teku awa biyu cikin duhu a watan Yuli ba. Ka kama ɗaki a Hulhumale, minti 10 zuwa 15 ne a tasi, masaukai da yawa a can aikinsu ke nan, karɓar masu kwana ɗaya. Ka tabbatar ginin yana da na'urar hawa bene ko a ba ku ɗakin ƙasa, don gidajen dogaye ne sirara.

Maganar Yuli ita ce ta fi damuna. Araharka daga nan ta fito. Daga Mayu zuwa wajen Oktoba ko Nuwamba iskar kudu maso yamma ke kaɗawa, lokacin damina ke nan a can, suna kiranta hulhangu. Ba kullum ake ruwa ba, kana iya samun kwana huɗu rana tangararan. Amma teku tana motsi. Kuma hanyar Dhigurah ba cikin zoben tsibirai take bi ba inda ruwa ke kwance, sai an fita daga zoben Maale an ratsa buɗaɗɗiyar teku mai zurfi kafin a shiga zoben Ari. Wannan mashigin na ratsa a Mayu zan tafi Rasdhoo, wadda ta fi Dhigurah kusa nesa ba kusa ba. Muna tashi yaron jirgin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana raba leda, na ce ta mece ce? Minti 20 da fita na gane. Kwale-kwalen ya ɗaga hanci ya faɗo, ya ɗaga ya faɗo, kowace faɗowa sai ka ji ta a ƙashin bayanka. 'Yan biyuna sun yi amai har suka gaji suka yi shiru. Wani Bature da ke gabana ya yi fari fat, ga shi dama fari. Ni kuwa babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. A Fabrairu na sake bin hanyar, ruwa kamar an shimfiɗa tabarma.

Saboda haka in ka dage sai Dhigurah, ga abin da zan yi da ni ce. Akwai ƙaramin filin jirgi a tsibirin Maamigili, maƙwabcinta. Jirgin cikin gida mai farfela, irin wanda ke sauka a kan titin jirgi na ƙasa, yana kai ka can daga Velana cikin kamar minti 20, sai kwale-kwale ya ƙarasa da ku cikin wasu mintuna 20 ɗin. Ya fi kwale-kwalen haɗaka tsada sosai, amma bai kama ƙafar shata ba. Kada ka saya da kanka, ka ce mai masaukin ya saya muku, don shi zai haɗa lokacin jirgin da na kwale-kwalen da zai tare ku, kuma sau da yawa farashinsu ya fi wanda za ka gani a intanet sauƙi.

Kwale-kwalen haɗaka ma akwai zuwa Dhigurah, amma ba kamar na Maafushi ba da ke tashi a kai a kai, kuma ranar Juma'a jadawali yana canjawa saboda masallaci. Juma'a da Asabar ne hutun ƙarshen mako a can. Ka sa ya rubuta maka lokacin na Juma'ar da kuke so, da sunan kwale-kwalen, da inda zai tsaya, filin jirgi ko Maale.

Dawowa kuma, ita mutane ke mantawa. Jirgin ƙarfe 9 na safe yana nufin ku kasance a filin jirgi wajen 6. Babu yadda za ku baro Dhigurah a safiyar ku same shi hankali kwance. Daren ƙarshe ma a Hulhumale za ku yi. Ka ga kwana shida sun koma huɗu. Ka rage ɗakunan tun yanzu da kake da damar sokewa.

Ƙananan abubuwa: akwai fom na intanet mai suna IMUGA da kowane matafiyi zai cike cikin awa 96 kafin sauka, har Hanifa, kuma kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi ba na gwamnati ba ne. In daga ƙasar da ake da cutar shawara kuka taso, katin rigakafin ya kasance a hannu. Ka riƙe dala masu tsabta, ba yagaggu ba, da ƙananan canji. Kuɗinsu rufiya ne, kimanin 15.4 a dala ɗaya a farashin banki, amma masaukai da kwale-kwale da dala suke lissafi. Layin waya kuma akwai shagunan Dhiraagu da Ooredoo a filin jirgin, ka saya ɗaya, don duk harkar kwale-kwale a WhatsApp ake yin ta.

Kawu Mai Ritaya:

Baiwar Allah ta faɗi kusan komai, Allah ya saka mata. Ni zan taɓa maganar jirgin da ke sauka a ruwa ne, tunda ka tambaya kuma na hau shi. Babban ɗana ne ya kai mu ni da mahaifiyarsa, ya sauke mu a irin otal ɗin nan da ya mallaki tsibiri guda shi kaɗai.

Ɗana, wannan jirgin ba naka ba ne a wannan tafiyar. Da rana kawai yake tashi, daga fitowar rana zuwa la'asar sakaliya, don matuƙi da ido yake duba ruwan da zai sauka. Wanda jirginsa ya iso bayan ƙarfe 3 da rabi galibi sai ya kwana. Yawanci manyan otal-otal yake yi wa aiki, su ke sayen kujera su sa maka a lissafi, kuma ba za ka san lokacin tashinka ba sai daren jajibiri. Mu an caji kowannenmu sama da dala 400 zuwa da dawowa. Na ji adadin ne bayan mun dawo, da na ce a bar ni a bakin ruwa in jira su. Kaya ma an ƙayyade, kilo 20 a akwati da 5 a hannu, abin da ya ɗara sai ka biya.

Jirgin Twin Otter ne, mutum 15 ko kusa da haka, matsattse, ga zafi kafin a tashi, ga ƙara har sai an ba ka abin toshe kunne. Babu banɗaki. Matuƙan da gajeren wando suke, namu ma ƙafarsa babu takalmi, uwargidana ta ƙura masa ido ta ce da ni a hankali, wannan ne zai kai mu? Amma daga sama kam na ga ikon Allah. Zobe-zoben nan kore da shuɗi a cikin baƙin ruwa, babu tudu ko ɗaya, don ƙasar gaba ɗaya a shimfiɗe take dab da ruwa. Sai dai sauka ba a ƙasa ba ce. A gefen wani dandamalin katako da ke yawo a kan ruwa aka tsaya, muka sauko ta siririn tsani, katako na rawa jirgi na rawa, sannan kwale-kwale ya zo ya kwashe mu. Mai ciwon gwiwa, a'a.

Ko a kwale-kwale ma shiga da fita ne wahalar, ba zaman ba. Ka gaya musu tun kafin ku zo cewa akwai dattijuwa, yaran jirgin suna da kirki, mutum biyu za su riƙe ta. Ta zauna a baya kusa da inji, can ne bugun ya fi sauƙi. A filin jirgi kuma ka nemi keken guragu tun daga kamfanin da ya sayar maka tikiti, kada ta ce za ta iya, tafiyar cikin filin jirgi ba kaɗan ba ce.

Wani abu da ya kusa ba ni kunya: wasu otal-otal na tsibiri suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a kan na Maale, wai don baƙi su more hasken yamma. Ranar dawowa aka ce mu fito ƙarfe 7. Wayata tana kan lokacin Maale, ina zaune ina shan shayi da natsuwata, sai ga ma'aikaci yana buga ƙofa, mutane na cikin kwale-kwale suna jiranmu. A tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune babu wannan, amma duk lokacin da aka faɗa maka, ka tambaya da agogon wa.

Af, kuma tunda tsufa ya sa ni surutu: wurin nan da kakanni suka yi ciniki da shi, wanda jam'insa ne ya zama kalmar kuɗi a bakinmu, mafi yawansa daga waɗannan tsibiran aka riƙa ɗebo shi ana kai shi ƙasashe. Ana cewa zuwa da wuri, wato da kuɗi a hannu, ya fi zuwa da wuri-wuri. To a garin wurin kansa na ga akasin haka, mai kuɗin da ya sauka da magariba yana kwana a Hulhumale tare da kowa.

Ɗan Yawo:

Anti, na karɓi gyara, Juma'ar ta shige min. Amma har yanzu ina kan bakata a abu ɗaya. Jirgin fito babba ne, mai nauyi, a hankali yake tafiya, ba ya dukan ruwa irin na kwale-kwale mai gudu. Hanyar Maafushi kuma mafi yawanta a cikin zobe take. Ga tsohuwa ni ina ganin ya fi. Kuma Yaya, ka lissafa haraji kafin ka yi murna da araha: akwai kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 tun Yulin 2025, da harajin muhalli dala 6 kowane mutum kowane dare a ƙananan masaukai. Ka tambayi mai masaukin ko kuɗin da ya faɗa maka, har na jirgi, da haraji a ciki.

Maman 'Yan Biyu:

Maganar haraji gaskiya ce. Maafushi kuwa cike take da baƙi da gine-gine, in Hajiya shiru take nema ba can ba. Shi ya san mahaifiyarsa.

Baban Hanifa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na karanta wa Hajiya labarin matuƙi mara takalmi, ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ko kyauta ne ba za ta hau ba.

Ga inda aka tsaya. Na zaunar da uwargida na faɗa mata komai har kuɗin shatar da na ɓoye. Ba ta ce komai ba na ɗan lokaci, sai ta karɓi wayar ta duba taswirar da kanta. Mun yi maganar Maafushi da gaske, Ɗan Yawo, don lissafinka ya fi sauƙi a aljihu ba gardama. Amma na nuna wa Hajiya hotunan wuraren biyu ban gaya mata komai ba, ta sa yatsa a kan dogon yashin nan ta ce nan. Shi ke nan.

Na rage Dhigurah zuwa kwana huɗu, na kama Hulhumale daren farko da na ƙarshe, ɗakin ƙasa. Kuɗin kwana biyun da na rage kusan su suka biya waɗannan. Mai masaukin ya samo mana kujeru huɗu a jirgin Maamigili ranar Juma'a da yamma, ya turo min lokacin a rubuce, kuma da na tambayi haraji sai adadin ya ɗan ƙaru, ka ga amfanin tambaya. Faɗuwa ta zo daidai da zama ma, don zan samu in tsallaka gada in yi sallar Juma'a a Maale. In lokaci ya bari ina so in leƙa tsohon masallacinsu, Hukuru Miskiy, wanda aka gina da duwatsun murjani tun 1658.

Dawowa ce ba mu gama yankewa ba. Jirgin sama zuwa da dawowa na mutum huɗu ya taɓa kuɗin da na ware na fita ganin babban kifin. Mai masaukin ya ce mu sa suna a kwale-kwalen haɗaka na safe, in ya ga teku ta ɓaci kwana biyu kafin ranar zai nema mana jirgi, tunda muna da yini guda a hannu. Anti, ban sani ba ko wannan wayo ne ko ganganci, in kujeru suka ƙare fa? Ina jin zan biya wa Hajiya da uwargida da Hanifa jirgin tun yanzu, ni kaɗai in bi ruwa da akwatuna in karɓi ledata.

Sai tambaya ɗaya da uwargida ta ce lallai in yi: kwale-kwalen nan suna da rigar ceto daidai yarinya 'yar shekara 4, ko mu sayo tamu mu sa a akwati?